Wata Takwas Tsakanin Littafina da Bakin Inji: Yadda Waƙata Ta Shiga Mujallar Makarantarmu

Tun da mujallar ƙungiyar marubuta ta makarantarmu ta fito, ƙannena 'yan aji ɗaya da biyu suke ta tare ni a hanya da tambaya iri ɗaya: Yaya, ta ina ake bi? Na gaji da ba da amsa a tsaitsaye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya faru da ni tun daga farko, don wanda zai biyo baya ya rage asarar kuɗin mota da ɓacin rai. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, ko na wani mutum. A nan cikin Bauchi take, kuma wanda ya sani ya sani.

A tsakiyar Nuwamban 2022 na ga sanarwar, manne a allon da ke bakin ɗakin karatu, iskar hunturu ta riga ta yage gefenta. Ana neman waƙoƙi da gajerun labarai da Hausa ko Turanci, kowa kada ya wuce guda biyu, za a rufe karɓa ƙarshen Disamba. Ni ɗalibar kimiyya ce, ban taɓa zama ajin adabi ba tun bayan sakandare, amma ina da wani littafi mai bangon leda da nake rubuce-rubuce a ciki tun ina aji huɗu. Na ɗauki hoton sanarwar, na koma ɗaki, na kwafe wata waƙa da na yi wa kakata mai tuyar masa, na tura ta lambar WhatsApp ɗin da aka rubuta a ƙasa. Kuskurena na farko ke nan. Mako biyu shiru. Da na gaji na je neman ofishin ƙungiyar, sai na tarar ba ofis ba ne, aji ne da suke aro kowace Asabar da la'asar. Sakataren ya duba wayarsa ya ce, "Ai 'yar'uwa wannan lambar ta tambaya ce kawai. Saƙo ya fi ɗari a nan, ta ina zan gane naki?" Ashe sai ka zama ɗan ƙungiya tukuna, ka sayi fom naira 500, ka biya kuɗin shekara naira 1,000, ka liƙa ƙaramin hoto, sannan ka kawo rubutunka bugagge a takarda kwafi biyu, ɗaya da suna ɗaya babu suna, ka kuma tura shi ta imel. Duk wannan babu ko ɗaya a jikin sanarwar. Kwafin da babu suna shi ake ba masu tantancewa don kada a ce an yi son kai, kuma wannan tsarin har yau ina yaba shi.

Na je shagon buga takardu na bakin get, aka buga min shafi biyu naira 300. Yaron shagon ba shi da haruffa masu lanƙwasa a kwamfutarsa, sai na bi da biro ina sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya da hannu. A lokacin na ɗauka ƙaramin abu ne. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Bayan hutun ƙarshen shekara, a mako na uku na Janairu, aka kafe sunaye. Rukuni uku ne: waɗanda aka karɓa, waɗanda aka ce su gyara, da waɗanda aka ba haƙuri. Sunana na cikin na tsakiya, an rubuta a gefe, a ga uban ƙungiya. Gabana ya faɗi. Uban ƙungiyar wani dattijon malami ne da ke koyar da darasin harshe, wanda ɗalibai ke cewa ba ya dariya. Sau uku ina zuwa ofishinsa. Ranar farko yana taro, ta biyu ya tafi ta'aziyya Azare, ta uku na zauna a benci daga ƙarfe goma har aka kira azahar. Da na shiga na durƙusa na gaishe shi, ya zaro takardata daga cikin wani tsohon fayil, duk ta sha jan biro. Bai ce komai game da jan biron ba. Cewa ya yi, "Rera min."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai karantawa ake yi." Ya ce, "Wa ya gaya miki? Rera." Na fara, muryata na rawa. Ɗangon farko, wato layin farko na waƙar, ya tafi lafiya. Da na zo na biyu, inda na rubuta "Ta zauna a gaban tandarta domin ta samo mana abin da za mu ci", sai numfashina ya ƙare a tsakiya, na haɗiye rabin kalmomin don in kai ƙarshe. Ya ɗaga hannu ya ce, "To kin ji da kunnenki. Ni ban ce komai ba." Nan ya ɗauki kusan sa'a guda yana nuna min abin da ban taɓa sani ba, duk da shekarun da na yi ina kiran abin da nake rubutawa waƙa. Ya ce gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Wadda ta ƙare da gajeren wasali marar nauyi ce, wadda ke da dogon wasali ko ta rufe da baƙi mai nauyi ce, kuma yadda suke jeruwa shi ne karin waƙa. Ya ce ɗangona na farko, ba tare da na sani ba, ya hau karin da masu aruli, ilimin auna waƙa, ke kira mutaƙarab, wato marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, a yi ta maimaitawa. Yana faɗa yana buga tebur da yatsa. Ya ce aikina shi ne in ja sauran ɗangwayen su hau wannan turbar. A gabansa muka gyara baitin farko ya koma haka:

Gari na ta barci, wuta na ta ci,
Ta zauna ga tanda, ta nemo mu ci.

Kalma goma sha huɗu ta dawo takwas, kuma babu abin da ya ɓace sai surutu. Sai ya koma kan amsa-amo, wato sautin da ɗangwaye ke ƙarewa da shi. Waƙata baiti goma sha biyu ce, ƙwar biyu, wato ɗango bibbiyu, amma kowane baiti da inda ya dosa. Ya ce ba laifi ba ne in kowane baiti ya riƙe nasa, sai dai in san abin da nake yi, kada ya zama haɗari ne ya kai ni. Ya tuna min cewa a garin Sa'adu Zungur nake, wanda ya rasu a 1958, ya ja doguwar waƙarsa ta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" a kan amsa-amo guda daga farko har ƙarshe. Ya ce ba yana nufin in zama Sa'adu ba, yana nufin in san cewa akwai waɗanda suka riga ni shan wahalar. Daga nan ne na fahimci bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar, da abin da ake nufi da tahamisi, inda wani zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa uku a sama. Na fito ofishin da yunwa da ciwon kai, amma ban taɓa jin an ɗauki rubutuna da muhimmanci irin na ranar ba.

Wuri guda ne muka yi jayayya, kuma har yau ina ganin ni ce da gaskiya. A wani ɗango na sa maganar kakata kamar yadda take faɗa, "masan ya ƙone". Malam ya ja layi ya rubuta "masar ta ƙone". Na ce masa mu a Bauchi haka tsofaffinmu suke magana, ba su cika bambanta namiji da mace a kan kaya ba, kuma idan na gyara mata baki ta zama wata tsohuwar daban, ba tawa ba. Ya yi shiru, ya ce daidaitacciyar Hausa ita ce ta mujalla, amma maganar da aka sa a bakin mutum tana da uzuri. Muka rabu a kan cewa bakin kaka ya zauna yadda yake, bakina ni marubuciya ya bi ƙa'ida. Wanda zai shiga irin wannan ofis ya sani cewa ana iya cewa a'a, in dai da ladabi kuma da hujja. Amma hujja ɗaya na samu cikin gyara kusan talatin, sauran duk na karɓa.

An ba ni kwana goma. Na yi su ina rera waƙa a ɗaki kamar mai aljanu, har abokiyar kwanana ta haddace rabinta. Na mayar ranar 6 ga Fabrairu, aka karɓa. Na ɗauka an gama. Sai shugaban ƙungiya ya ce suna neman mace a kwamitin tacewa, tunda duka su biyar maza ne, kuma Malam ya ba da sunana. Na amsa ba tare da na san abin da na ɗauko wa kaina ba.

A gida ma akwai nata tashar. Da na gaya wa Baba za a buga waƙata, sai ya ajiye rediyonsa ya ce, "Waƙa? Karatun ne ya koma waƙa?" Shi a wajensa waƙa ita ce ta kiɗa da bidiyo. Sai da na kawo takardar na karanta masa, ya ji mahaifiyarsa ce a ciki, na kuma tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma da su aka karantar da mata. Ya ce to, amma ban da hoto. Na ce ban da hoto. 'Yan'uwana mata, ku yi wannan maganar a gida tun da wuri. Wata ƙawarmu sai da aka gama tsara shafuka ta zo tana kuka a cire nata, don yayanta ya ga sunanta a jerin da aka tura a waya.

Aikin kwamiti na farko shi ne neman izini. Ba a buga komai da sunan makaranta sai ofishin kula da harkokin ɗalibai ya sa hannu. Ana rubuta wasiƙa, uban ƙungiya ya sa hannu, a haɗa da kwafin takardar rajistar ƙungiya ta wannan shekarar, da cikakken kwafin duk abin da za a buga. Mun kai, aka dawo da mu saboda rajistarmu ta bara ce, ba a sabunta ba. Sabuntawa naira 5,000 ce a banki, a kawo rasit. Wannan kuwa ya faɗo daidai lokacin da aka canja fasalin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo. Ma'ajinmu ya kwana biyu yana layi a banki. Masu POS kuwa sai ka ba da kusan dubu ɗaya kafin su ba ka dubu biyar a hannu, in ma akwai. Muna samun rasit, aka rufe manyan makarantu saboda zaɓen 25 ga Fabrairu, kowa ya tafi gida sai tsakiyar Maris. Muna dawowa da mako guda azumi ya kama. Wasiƙarmu ta yi kwana talatin da wani abu a kan tebur. Abin da ya motsa ta shi ne wata ma'aikaciya a ofishin da ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, in kun kawo takarda ku riƙa zuwa da kwafi a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata. Ba ku da shi, da me za ku yi bibiya?" Muka sake kawowa, aka buga hatimi, cikin mako guda ta fito. An cire waƙa ɗaya da ta yi wa wani ofis habaici a kan ruwan famfon ɗakunan kwana. Marubucinta ya yi fushi ya fita daga ƙungiya. A ganina waƙar ba ta zagi kowa ba, kuma ta fi rabin waɗanda aka bari kyau, amma ba mu da ƙarfin ja.

Wani a cikinmu ya kawo shawarar mu nemi lambar ISBN don mujallar ta yi kwarjini. Malam ya gyara mana: ISBN mai lamba 13 ta littafi ce, mujalla mai fitowa lokaci-lokaci ISSN take ɗauka, mai lamba 8, kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da duka biyun a Nijeriya. Shi ne kuma doka ta ce mai buga littafi mai zaman kansa ya kai masa kwafi 3 na abin da ya buga. Mun duba lokaci da aljihu muka bar maganar sai fitowa ta gaba. Wanda zai nema ya fara tun ranar da aka kafe sanarwa, ba bayan an gama tsara bango ba.

Bayan ƙaramar Sallah muka shiga gari neman maɗaba'a. Mun zaga wurare huɗu, muka tsaya a wata da ke wajen Wunti. A can na koyi cewa shafukan irin wannan mujalla sai sun rabu huɗu-huɗu, domin takarda ɗaya ake naɗewa biyu ta ba da shafi huɗu. Namu 50 ne, don haka ko mu rage su koma 48 ko mu ƙara su kai 52. Muka rage, jawabin shugaban ƙungiya ne ya sha almakashi, ba wanda ya yi kuka sai shi. Mai maɗaba'ar ya yi mana kuɗi naira 180,000 kwafi 300, ciki baƙi da fari, bango mai launi. A asusunmu akwai 62,000. Sauran muka shiga nema: kowane marubuci ya ba da 2,000, muka sayar da bangon baya ga wani mai shagon littattafai, wasu tsofaffin 'yan ƙungiya suka turo abin da ya sawwaƙa. Kuskurenmu mafi tsada shi ne ba mu ba da kafin alƙalami an sayi takarda a lokacin ba, muna jiran kuɗi su cika. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500. Da muka koma a farkon Yuni, mutumin ya ce shi da janareta yake aiki, takarda ma daga nesa ake kawo ta, sabon kuɗi 240,000. Ba mu da rubutacciyar yarjejeniya, magana ce ta baka. Muka sauko zuwa kwafi 200 a kan 175,000.

Yanzu ga maganar ƙugiyar da na ce ku riƙe. Ranar da aka ce mu zo mu duba kafin a buga, mazan kwamiti biyu suka je, suka duba bango da sunayensu, suka ce ya yi. Ni ina da gwaji a ranar. Washegari zuciyata ta ƙi kwanciya, na hau Keke Napep na tafi ni kaɗai, na ce a fitar min da kwafin gwaji a takarda. Abin da na gani ya sa na nemi kujera. Rubuce-rubucen sun zo ta hanya uku: wasu an buga su a waya da haruffan zamani, wasu da tsohon salon haruffan Hausa na kwamfuta, wasu kuma irin nawa, da biro aka sa ƙugiya. Da mai tsara shafi ya zuba su duka a manhajar CorelDraw ya sa musu salon haruffa guda, na farko suka koma ƙananan akwatuna, na biyu suka koma alamomin baka, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa. Shi kuma da ya ga abin ya yi muni, sai ya bi ya maye gurbinsu duka da k da d da b, don a ganinsa ai duk ɗaya ne. Wani ɗan ajinmu ya yi waƙar hunturu mai ɗango "ƙura ta tashi a ƙofar gida", ta koma kura ta tashi. Wata ta rubuta baƙi sun cika mana ɗaki, ta koma baki. A tawa, ƙullun kakata ya zama kullu. Ga kuma ɗangwaye da aka haɗe biyu-biyu a layi guda don a sami wuri, kamar labari.

Na ce masa, "Maigida, don Allah a dakata." Ya ce an riga an sa ranar yin farantin bugu, in aka yi faranti kuma kowane gyara kuɗi ne sabo. Na kira Malam, ya yi magana da shi ta waya, aka ba ni kwana biyu. Na zauna kusa da yaron da ke tsara shafi, muka nemo salon haruffan da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ da manyansu, na riƙe takardun asali ina karantawa da ƙarfi yana gyarawa, shafuka 29 na Hausa, layi bayan layi. Wuta ta ɗauke sau biyu a rana ta farko, muka yi asarar gyaran shafi shida don bai adana ba. Na saya masa abinci da kuɗina, na biya naira 3,000 na man janareta da ba wanda ya mayar min har yau. Da muka gama na sa ya mayar da aikin PDF, na buɗe shi a wayata na tabbatar ƙugiyoyin suna nan, sannan na sa hannu a kowane shafi na kwafin gwaji. Duk da haka guda huɗu sun tsere mana, ɗaya a cikin tawa waƙar.

Da zan sake bi daga farko, abin da zan yi daban kaɗan ne amma shi ne komai. Zan je taron Asabar kafin in tura ko kalma ɗaya. Zan rera waƙata ga wani da ba ya jin kunyata kafin malami ya ji ta. Zan buga ta da kaina a waya da allon rubutun Hausa, in tura ta a rubuce in haɗa da PDF, don mai tsara shafi ya ga yadda ya kamata ta tsaya. In ina kwamiti, ba takardar da za ta bar hannuna ba hatimin karɓa, ba kuma cinikin da za a yi da baki. Sannan duk marubucin da aikinsa zai fito, ya nemi a nuna masa shafinsa kafin bugu. Haƙƙinsa ne, kuma ba wanda zai ga ɓataccen harafi a waƙa kamar mai ita.

An ƙaddamar da mujallar ranar wata Asabar a tsakiyar Yuli, ana yayyafi. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, ya aiko wakili da alkawarin da har yanzu ana bibiya. Mun sayar da kwafi naira 1,000, marubuta aka ba kowa ɗaya kyauta. An kira ni na rera tawa, wannan karon numfashi ya kai ni ƙarshen kowane ɗango, na hango Malam a layin gaba yana buga gwiwarsa da yatsa.

Da yamma na kai wa kakata. Ba ta karatun boko, sai ta juya mujallar, ta shinshina takardar, ta ce in karanta. Na rera mata tun daga farko. Da na zo wurin "masan ya ƙone" ta tsayar da ni ta ce ita masanta bai taɓa ƙonewa ba, sai ranar da aka bar min tanda na tafi kallon waya. Ta ce in je in gaya wa masu takardar su gyara. Sannan ta ɗaga katifa ta sa mujallar a ƙasa, wurin da take ajiye katin asibiti da kuɗin adashi.